Wandon Janar Illa Barmo

Masu karanta tarihin Janar Illa Barmo a rediyo sun san shekarar da ya samu kowane galo na ƙarin girma, amma ni na san ƙugunsa, kuma a wurina tarihin da ke ƙugu ya fi gaskiya. Sunana Tahiru, tela ne ni a kasuwar Gure, shagona yana kallon rumfar masu dabino. Janar ɗin nan da ake ta kira taubashina ne. Uwarsa, Gwaggo Salima, ƙanwar ubana ce. Ni ɗan namiji, shi ɗan mace, saboda haka ko taurari goma ya jera a kafaɗa bawana ne, kuma a gaban kowa nake faɗa masa.

Yana da shekara goma sha takwas Gwaggo ta aike shi kasuwar Gidigir da awaki biyu ya sayar. Can ya tarar da kamyon, babbar motar masu ɗaukar soja, zai koma Damagaram. Ya ɗaure awakin a gindin wata bishiya, ya bar sallahu wajen wani mai kanwa, ya haye abinsa. Awakin sun tsinke igiya sun dawo gida da ƙafarsu bayan kwana biyu. Shi sai bayan shekara biyu.

Labarin ya zo wa Gwaggo tana daka. Ba ta yi kuka ba, ba ta ajiye taɓarya ba. Cewa kawai ta yi, "Idona ba ya ganin Illa cikin kaki." Sau ɗaya ta faɗa, kuma duk wanda ya san Gwaggo ya san sau ɗayan ya isa. Muka ce fushi ne, zai wuce. Aka yi shekara arba'in da ɗaya bai wuce ba.

To, nan ni na shigo. Duk lokacin da Illa ya samu hutu zai zo gida, ni ke ɗinka masa riga da wando irin na mutane. Akwai wata aduwa a bakin gari, kan hanyar Damagaram. Nan nake kai masa kayan, ya laɓe bayanta ya tuɓe kaki ya cusa a jaka, ya shigo gari kamar wanda ya dawo fatauci. Kafin ya koma bariki kuma in sake auna shi saboda zuwa na gaba.

Yana ƙaramin soja ƙugunsa santimetir sittin da takwas ne. Da ya zama kaporal, saba'in. Aka jefa shi Dirku shekara uku yana gadin rairayi, ya dawo sittin da shida, baƙi ƙirin, Gwaggo ta yi ta ɗura masa fura ba tare da ta tambaye shi inda ya fito ba. Sarjan, saba'in da biyar. Daga nan wani babbansu ya lura yaron yana da kai, aka tura shi lakwal, makarantar hafsoshi, ya fito liyetna yana magana ta hanci. Aka kai shi wata ƙasa mai sanyi ƙaro ilimi, ya dawo mana da tari da gashin baki. Kapiten, tamanin da huɗu. A lokacin ne ya tafi aikin raba faɗa a wata ƙasa, harsashi ya shige masa cinyar hagu. Wannan kam ban taɓa yi masa wasa da shi ba, don na ga wurin ina awo. Ya hana a gaya wa Gwaggo, ya ce mata raƙumi ne ya shure shi. Kolonel, casa'in da takwas. Janar, ɗari da huɗu, ga ofis a Yamai, ga kujera mai juyawa.

Aduwar nan kuwa ta ga duniya. Da can shi kaɗai yake laɓewa. Da ya girma sai ka ga motoci uku sun tsaya a gefen kwalta, sojoji sun diddiro da bindigogi sun kewaye bishiya kowa ya juya baya, wani ajidan yana daka tsawa, ana tsayar da amalanken jakuna, duk don mutum ɗaya ya canza wando. Makiyayan Kelle da ke wucewa sun ɗauka wani abu gwamnati ta binne a wurin. Har an samu wanda ya zo ya haƙa.

Bara ya yi retret, wato ritaya, ya tattara komatsansa ya dawo Gure. Mutumin da ya saba ba dubban mazaje umurni ya wayi gari ba shi da kowa sai matarsa Hajiya Nasira, wadda ba ta karɓar umurni, da tumaki shida, waɗanda su ma haka. Sai ya juya kan abinci. Da safe fura da nonon Alakos, da rana burabusko, da la'asar yana rumfar Garbai mai kilishi yana ba da labarin sahara, aljihu kuma kullum cike da dabino. Na yi masa magana sau biyu, ya ce mini tela ba ya ba Janar shawara kan dabarun yaƙi.

Wata Litinin Gwaggo ta sa aka kira mu, ni da shi. Ta haura tamanin da biyar, yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai abin da ya zo dab da fuskarta. Muka tuɓe takalma muka tsugunna muka gaishe ta.

Ta ce, "Illa, an ce ka gama da mutanen nan?"

"Na gama, Inna."

"Ba su sake kiranka? Ko an yi yaƙi?"

"Ba su kirana, Inna. Har takarda sun ba ni."

Ta ja tasbaha. Can ta ce, "To ran Juma'a in an sauko masallaci, ka sa kayan nan naka ka taho in gani. Dukansu, har da ƙarahunan da aka ce kuna rataya wa a ƙirji."

Na juya na dubi Illa don in tsokane shi, sai na fasa. Ya taɓa gaya mini a gindin aduwa cewa duk faretin da ya yi a gaban manyan ƙasa zai bayar da shi a kan Inna ta dube shi sau ɗaya cikin kayansa. Yau ga shi ta nema da bakinta, kuma mu duka mun san a shekarunta ba a cewa bari sai wata Juma'ar.

Talata da safe ya shigo shagona da akwati, ya sa na rufe ƙofa. Ya fito da kayan biki na Janar, kore mai duhu, yadin da allurata ba ta taɓa shiga irinsa ba. Ya zura ƙafafu a wando. Wandon ya hau har cinya, ya tsaya nan, ya ƙi gaba ya ƙi baya. Rigar kuwa tsakanin maɓalli da ƙofarsa akwai tafiyar yini.

Na zagaya shi da metir. Na ce, "Ɗari da ashirin da ɗaya, bawana."

"Metir ɗinka ya lalace."

"Da shi na auna ka kana kaporal."

"Shi ya sa. Ya tsuhwa, ya ƙanƙance."

"Kai bawan ubana, kilishin Garbai ne ya ƙanƙance, ya taho ya taru a nan." Na ɗan buga cikin, ya amsa kamar tulu.

Ya ciro waya ya kira Yamai. Mai ɗinka musu kaya ya ce sabo sai sati uku. Ya yi masa faransanci mai zafi, mutumin ya yi ta cewa mon jeneral, mon jeneral, amma sati uku bai ragu ba. Ni kuma na zagaye kasuwa da bakin wandon a hannu ina neman yadi mai kalarsa. Na kira ƴan kasuwar Damagaram, suka turo hotuna. Wani koren ya yi haske, wani ya yi ja, wani kuma irin na tantin biki ne. Babu ko ɗaya.

Da na dawo na same shi a kan teburin yankana da takarda da biro, ya zana taswira. Ya ce, "Muna da kwana biyu. Abokin gaba santimetir goma sha bakwai ne. Za mu hwaɗa mishi ta huska uku."

Fuska ta farko gudu ce. Laraba bayan sallar asuba ya nufi tudun rairayin da ke bayan gari. Abin da bai sa a taswira ba shi ne tumakinsa sun san aljihunsa. Duk shida suka bi shi a guje suna kuka, matan da ke tafiya rijiya suka ajiye jarkoki suna kallon Janar na gudu tumaki na korar sa. Ya kai rabin tudu numfashi ya ƙare. Amalanken wani mai itace ne ya sauko da shi, tumakin na biye suna cin dabinon da ke zubowa.

Fuska ta biyu ruwan kanwa ce, shawarar Garbai, wanda nake zargin yana jin nauyin laifinsa. Illa ya jiƙa ungurnu cike da kwano ya shanye a tsaye kamar mai karɓar umurni. Ba zan ba ku labarin wannan yinin ba. Hajiya Nasira dai ta ce tun da ta aure shi ba ta taɓa ganin ya yi sauri irin na ranar ba, har da lokacin yana kapiten.

Fuska ta uku yunwa ce. Ya rantse ba ya cin komai sai ruwa. Kafin magariba Hajiya ta kama shi a madafa ya ɗaga marfin tukunya yana shaƙa, ya ce mata sintiri yake yi.

Alhamis da hantsi ya zo shago idanu sun faɗa. Na zagaya shi da metir, ya ja ciki har jijiyar wuyansa ta tashi. Ɗari da ashirin.

Na ce, "Barka da nasara, mon jeneral. An ci gari guda, saura goma sha shida."

Ya zauna a kan bencina ya dafe kai, ya ce, "Tahiru, gobe ne hwa." Shekara da shekaru rabon da ya kira ni da sunana ba tare da ya haɗa da zagi ba. Tausayinsa ya kama ni, haushi kuma ya kama ni don ya sa na ji tausayinsa. Na ce masa ya tashi daga kan yadin mutane, daga yanzu ni ne kwamanda.

Rigar ba ta ba ni wahala sosai ba. Na warware ɗinkin gefe, na yanke aljihunan ciki na ƙara a hammata, na mayar da maɓallai can bakin gaɓa. Wando ne bala'in. Yana bukatar ƙari a baya, faɗin tafin hannu da rabi, kuma babu sauran ƙyalle ko na ɗaure yatsa. Ina cikin tunani matata Zaliha ta aiko da sabuwar atamfarta in yi mata bakin zane, za ta ɗaura gobe. Na buɗe. Ƙasanta kore ne mai duhu, daidai da na wandon kamar a tukunya ɗaya aka rina su. Matsalar kawai zane ne da ita, zakaru da kaji rawaya birjik.

Na nemi gafarar Allah na sa almakashi. Na yi iya ƙoƙarina in yanka ta tsakanin kajin, amma duk inda na bi sai wani ya shigo. A ƙarshe zakara guda cikakke da rabin kaza suka samu mazauni a bayan wandon Janar.

Ya gwada da la'asar. Ya shiga, da addu'a. Rigar ta sauko ta rufe wurin ruf. Ya tsaya gaban madubi, ya ɗora hular kepi, ya gyara lambobinsa, sai ga wani mutum daban a shagona.

Na ce, "Saurara da kyau. Wandon nan na tsayuwa ne. Ka tsaya, ka sara, ka juya dama ka juya hagu, duk na lamunce. Amma in ka tsugunna riga ta ɗage, zakara ya hito, ɗinkin kuma ba ya ɗauka."

Ya dube ni ta madubi. "Janar cikin kayan sarki ba ya tsugunnawa. Doka ce. Ko gaban shugaban ƙasa tsaye nake."

"Gwaggo ba shugaban ƙasa ba ce."

Abin bai taɓa zo masa a rai ba. Shekara arba'in da ɗaya duk tsugunnon da ya yi a gabanta cikin wandona ya yi shi, mai yalwa, wanda ko kokawa ka yi da shi ba ya cewa uffan. A bariki kuwa bai taɓa lanƙwasa gwiwa ga kowa ba. Ya yi ta kai da komo a shagon, sannan ya yanke hukunci. Zai yi taku uku, ya buga ƙafa, ya sara mata irin sarawar da ake yi wa tuta, wadda a cewarsa ta fi kowane tsugunno girma. Muka yi gwaji sau bakwai, ni ne Gwaggo.

Hajiya Nasira maƙwabciya ɗaya kawai ta gaya wa, saboda haka ran Juma'a duk unguwa ta sani. Kafin a sauko masallaci tsakar gidan Gwaggo ta cika, mata a ciki, maza a zaure, wasu a kan katanga. Tsofaffin sojojin garin sun zo, Maigari ya zo, Garbai ya rufe rumfa. Zaliha ta zo da atamfarta tana ta jan zanen tana mita wai ƴan kasuwar yanzu ba su da tsoron Allah, turmi ya rage tsawo.

Shigar da shi cikin kayan aikin mutum biyu ne. Ya kwanta a tabarma, ina ja, Hajiya na ɓalla maɓallai. Mota ba ta yiwu ba tunda ba ya iya zama, sai muka taka da ƙasa, yana tafe a sandare, ni ina bayansa ina gadin rigar kada iska ta ɗaga. Gaskiya ya yi kyau. Rana na dukan lambobinsa, mutane na darewa, tsofaffin sojoji na ƙamewa. Na ji alfahari har cikin raina, amma ban gaya masa ba, don kada bawa ya raina ubangidansa.

Gwaggo na zaune a tabarma a bakin ɗakinta, ta jingina da bango. Illa ya yi taku uku, ya buga ƙafa har ƙasa ta amsa, ya sara.

"Inna, ga ni."

Ta ɗaga fuska tana lalube da ido. Ta ce, "Wane ne wannan ya tare mini rana?"

"Ni ne, Inna. Illa."

"To kana can sama, mi zan gani? Ni inuwa kaɗai nike gani."

Ba ta ce ya tsugunna ba. Hannu kawai ta miƙa, siririn hannun nan nata, ya tsaya a gwiwarsa, ya yi ta shafa yadin bai iya wuce nan ba. Illa ya waiwayo ya dube ni. Na girgiza masa kai da ƙarfi. Ya dubi Maigari, ya dubi tsofaffin sojoji, ya dubi matan unguwa da waɗanda ke kan katanga. Ya sake duban hannun. Sai na ga gwiwoyinsa sun fara lanƙwasa.

A hankali ya sauka, kamar raƙumin da aka yi wa lodin kanwa. Rigar ta ɗage. Zakara ya leƙo, rawaya shar, da rabin matarsa. Kafin mutane su gama fahimtar abin da suke gani ɗinkin ya yi magana, ɓarrr, tun daga ƙugu har ƙasa.

Zaliha ta dafe ƙirji ta ƙwala ihu, "Zakarana!"

Gidan ya ɓarke. Mata suka riƙa faɗawa jikin juna, Maigari ya cusa rawani a baki, Garbai ya zame daga kan katanga ya faɗa cikin akurkin kaji. Tsofaffin sojojin nan suna ƙame, hawaye na zubo musu don riƙe dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba, haƙƙina ne na taubashi.

Illa bai tashi ba. Ko hannu bai kai baya ba. Ya matsa kusa da ita ya sunkuyar da kai.

Gwaggo ta kama hular ta shafa, ta sauko kafaɗa ta taɓa taurarin, ta kawo fuskarta dab da ƙirjinsa tana bin lambobin da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Ta daɗe tana yi. Dariyar ta riƙa raguwa har ta mutu. Sannan ta yi magana, ba da ƙarfi ba, amma kowa ya ji.

"Ina ƴar shekara tara Nasara suka ɗauki yayana Burahima soja. Ya taho sallama cikin kaki, ya yi mini kyau, na bi shi da kallo har ya ɓace bayan tudu. Bai komo ba. Ko kabarinshi ba mu sani ba. Sai na sa a raina idona ne. Da aka ce kai ma ka tahi, na ce in dai ban gan ka ciki ba, kana komowa." Ta dafa kumatunsa. "Ga shi kuwa ka komo."

Ubana ya sha ambaton wannan Burahima, amma ban taɓa haɗa shi da maganar ba, haka ma duk wanda ke gidan.

Illa ya ce, "Inna, na ɗauka hushi kike da ni."

"Hushi? Wa ke da ƙarhin hushin shekara arba'in? Tsoro ne, ɗan nan."

Janar Illa Barmo, wanda aka ciro masa harsashi bai ce wash ba, ya kifa kai a gwiwar uwarsa yana kuka, wando a yage, rabin gari na kallo. Ni kuwa na juya, na yi kamar ina neman allura a aljihu.

Ta bar shi ya yi mai isarsa, sannan ta ce, "Zauna sosai. Ban taɓa tambayar ka ba ko sau ɗaya, ina jin tsoron amsa. Yanzu ba ni labari tun daga hwarko, kar ka tsallake komi."

Ya zauna dirshan a tabarma, sauran ɗinkin ya ƙarasa tafiya, ba wanda ya yi dariya. Na tashi na kori mutane, har Maigari, na fita a ƙarshe. Ina jan ƙyaure na ji yana share hanci yana cewa, "Ranar hwarko dai, Inna, aski suka yi mana, suka ba mu wake ba gishiri. Ni kuwa na zauna bayan ɗaki ina ta kiran sunanki."